Darasi na Tara: Sanya Kan Giya Mai Fitila a Ƙaramar Mota

Cikin ƙananan ayyukan da ake kawo wa mai gyaran wayar mota, wanda a gareji ake ce wa mai rewaya, har da sanya kan giya mai fitila. Kan giya shi ne dunƙulen nan da ke saman sandar giya, wanda direba ke damƙa duk lokacin da zai canja lamba. Irin wanda wannan darasi ya shafa yana da ƙwan LED a cikinsa, in an kunna fitilun mota da dare sai lambobin da aka zana a samansa su fito sarai. Yawanci don ƙawa ake sa shi, amma yana taimakon sabon direba wanda hannunsa bai riga ya haddace wurin kowace lamba ba.

An zaɓi wannan aiki ne saboda ƙanƙantarsa. Waya biyu ce kacal, amma duk ƙa'idar babban aikin wayar mota tana cikinsu: inda za a ɗebi wuta, da fiyus ɗin da zai tsare ta, da hanyar da za ta bi ta koma batir. Akwai kuma abin da ba a cika samu a sauran ayyuka ba. Wayar nan za ta zauna ne a jikin ƙarfen da ke motsi gaba da baya muddin mota na tafiya. Wanda ya iya wannan aiki da tsabta ya kama hanyar iya sanya rediyo da fitilar hazo. Wanda ya yi shi da ganganci kuwa zai iya ja wa mai mota garin neman gira a rasa ido.

A duba motar kafin a sayi kaya

Abu na farko shi ne zanen lambobi. A Corolla da Civic da Peugeot 206 masu lamba biyar, ribas tana dama can ƙasa, ƙarƙashin lamba biyar. A Golf kuwa tana hagu can sama, gefen lamba ɗaya, kuma sai an danna sandar ƙasa kafin ta shiga. In ka sa wa Golf kan giya mai zanen Corolla, ka kunna wa direba fitilar da ke nuna masa ƙarya. Mai motar ba zai ruɗe ba don hannunsa ya saba, amma ran da ya ba ɗansa ko wani baƙo mukulli za a iya samun ɓarna. Saboda haka ka riƙe tsoho da sabo gefe da gefe, ka tabbata zanensu ɗaya ne.

Na biyu shi ne yadda tsohon kan yake riƙe da sandar. A yawancin motocin Japan murɗa shi ake yi kamar noti, domin bakin sandar yana da zare. Sai dai zaren ba iri ɗaya ba ne. Toyota ta fi amfani da M12×1.25, Honda kuwa M10×1.5. Lambar farko kaurin sandar ce a milimita, ta biyu tazarar da ke tsakanin zare da zare. In ka tilasta kan Honda a sandar Toyota ba zai shiga ba, in kuma kauri ya zo ɗaya amma tazara ta bambanta, zai yi kamar ya shiga sannan ya cinye zaren. A Peugeot 206 babu zare sam, danna shi aka yi, cizge shi ake yi sama. A Golf 4 maƙale yake da zoben ƙarfe a ƙarƙashin rigar sandar, wato fatar nan ko robar da ke rufe gindinta. Wasu motocin Opel suna da zobe a ƙasan kan giya wanda direba ke ɗagawa da yatsu biyu kafin ribas ta shiga. In sabon kan ya sauko ya danne zoben, motar ba za ta ƙara yin ribas ba.

Motar otomatik ba ta cikin wannan darasi. Kan giyarta yana da maɓallin da ke sakin sandar daga wurin fakin, wani lokaci har da wayoyinsa na kansa, kuma aikinsa daban ne.

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ka tambayi mai kaya ta ina fitilar ke samun wuta. Akwai mai ɗan batir a ciki wanda ake caji, akwai mai wayar da ake cusawa a soket ɗin laita, akwai kuma mai waya biyu tsirara da ake haɗawa da wayoyin motar. Na farko ba ya buƙatar mai rewaya, amma batirin lithium bai son zafi, ga shi a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin inuwa ma yakan haura digiri 40, balle cikin motar da aka rufe a rana. Haka kan giya na zallar ƙarfe yakan yi zafin da hannu ba zai iya damƙa ba. Na biyu yana barin waya tana reto kusa da hannun direba. Na ukun shi ne aikinmu. Ka ɗauke shi a hannu ka ji nauyinsa, ka ɗan ja wayoyin a hankali ka ga ko sun kafu. Araha ba ta ado.

Ɗan lissafin da ke cikin ƙwan LED

Muna cewa batirin mota bolt 12 ne, amma wannan suna ne kawai. Cikakken batir a zaune yana nuna kimanin 12.6 a mita. In inji ya tashi altaneta ta fara caji, wutar takan kai tsakanin 13.8 da 14.4. Da wannan adadi na sama ake lissafi, tunda da inji a kunne fitilar za ta yi yawancin aikinta.

Ƙwan LED bai iya shan wannan wuta kai tsaye. Ja yana buƙatar kimanin bolt 2, shuɗi da fari kimanin 3 zuwa 3.2. Dalilin da ya sa shuɗi da fari suke tafiya tare shi ne farin ma shuɗi ne a ciki, an dai lulluɓe shi da wani sinadari mai sauya launin hasken. Jan ƙwan ya riga su zuwa da shekaru masu yawa: Nick Holonyak ya ƙera shi a Amurka a 1962, shuɗi mai ƙarfi kuwa sai farkon shekarun 1990 aka same shi a Japan, aikin da ya ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura lambar yabo ta Nobel a 2014.

Ƙaramin ƙwai irin wannan yana son wutar da ke ratsa shi kada ta wuce mili'amfiya 20, wato amfiya 0.02. Abin da ke tare rarar shi ne rezista. Aikinta irin na mai lambu ne da ke tsuke bakin magudana don kada ruwa ya yi wa kwami yawa. Ana gano girmanta da ƙa'idar Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827, wanda kuma da sunansa ake kiran ma'aunin rezista, wato om. Ka ɗebe abin da ƙwai ke buƙata daga wutar mota: 14.4 a cire 3.2, saura 11.2. Sai ka raba 11.2 da 0.02, ka sami 560. Ke nan rezista mai om 560 ake buƙata, kuma akwai ta a shagon masu gyaran rediyo. Ka nemi mai rabin wat, domin ƙaramar takan ɗau zafi.

Yawancin kan giyan da aka rubuta wa 12V a kwali sun zo da rezistarsu a ciki, ba sai ka ƙara ba. Amma wanda aka yi don USB bolt 5 yake sha. In ka yanke bakinsa ka haɗa shi da wayar mota, zai yi walƙiya sau ɗaya ya mutu.

Inda za a ɗebi wuta

Nan ne ake gane gwani. A kusa da sandar giya akwai wayoyi masu wuta iri uku, kuma Jamusawa sun sa musu lambobin da za ka gani a zanen wayoyi da jikin suwic na motocin Turai da yawa. Lamba 30 ita ce wutar da ke zuwa daga batir kullum, ko an cire mukulli. Lamba 15 tana zuwa ne in an murɗa mukulli. Lamba 58 ta ƙananan fitilu ce, ita ke kawo wuta in an kunna fakin layit, kuma daga reshenta fitilun dashbod ke sha. Sai lamba 31, wato at, hanyar komawa batir ta jikin bodi.

Mai gaggawa yakan taɓa waya da testa, da zarar ta kawo haske sai ya haɗa. In ya faɗa kan 30, fitilar ba za ta taɓa mutuwa ba. Da rana ba wanda zai lura. Mu yi lissafi: kan giya mai ƙwai biyar zai iya shan amfiya 0.1. A awa 24 ya sha amfiya-awa 2.4. In mai mota ya yi tafiya ya ajiye ta sati biyu, an zuƙe fiye da 33 daga batirin ƙaramar mota wanda duka-duka bai wuce 45 zuwa 60 ba. Zai dawo ya murɗa mukulli ya ji ƙas-ƙas, ya tafi yana zargin mai batir ko altaneta. Lamba 15 ta fi wannan dama-dama, amma fitilar za ta yi ta ci rana tsaka ba amfani. Wurin da ya dace shi ne reshen 58, don kan giya ya kama tare da fitilun dashbod, ya mutu tare da su.

Hanya mafi sauƙi ta samun wannan reshe ita ce ɗan ƙwan da ke haska zoben laita ko wurin zubar da tokar sigari. Yana kusa da sandar giya, kuma waya biyu gare shi. Ka ɗauki duka biyun daga nan, da ta wuta da ta komawa. Dalili kuwa, a motocin Japan da dama abin rage hasken dashbod yana kan wayar komawa ne. In ka ɗaure taka wayar a bodi kai tsaye, fitilar za ta kama amma ba za ta bi umarnin abin rage haske ba. In motar ba ta da wannan ƙwai, ka duba bayan rediyo. A soket ɗin rediyo mai tsarin ISO, wayar hasken dashbod tana rami na shida a ɓangaren wuta, kuma a wayoyin rediyon kasuwa launinta ruwan lemo ne. A motocin Volkswagen wayar at ruwan ƙasa ce.

Amma kada ka dogara da launi kaɗai. Mota 'yar Kwatano ta bi hannaye da yawa kafin ta iso gare ka, ba ka san wanda ya yanka ya ƙulla ba. Ka sa mita a ma'aunin bolt, baƙar waya a ƙarfen bodi mara fenti, ja a wayar da kake zato. Fitila a kashe, mita ta nuna sifiri. Ka kunna fakin layit, ta nuna wuta. Ka kashe, ta koma sifiri. Sai ka maimaita da mukulli a murɗe, don ka tabbata ba 15 ba ce. Mita ta fi testa mai ƙwai aminci a motocin da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu, kamar Peugeot 206 da aka ƙera daga wajen ƙarshen 2001, masu akwatin da ake kira BSI. Kuskure a layin fitilar irin waɗannan motoci zai iya taɓa akwatin, kuɗinsa kuwa ya ninka na kan giya sau da yawa.

Akwai wayoyin da ko mita ba a kai wa. A motoci da yawa akwatin da ke sarrafa jakar iska yana ƙasan robar tsakiya, daf da sandar giya ko birkin hannu. Wayoyinsa sukan zo cikin rigar roba rawaya, da soket rawaya. In ka gan su ka kauce musu, kada ka soke su, kada ka ɗaure komai a jikinsu.

Aikin kansa

Bayan ka gano wayarka ka yi mata alama da tef, sai ka kashe komai ka cire mukulli. Tambayi mai motar ko rediyonsa mai lambar sirri ne, domin wasu rediyoyin sukan kulle in an cire batir. Sannan ka kwance kan batir mai alamar ɗebewa, ka kawar da shi gefe. Shi ake fara cirewa domin in sifana ta taɓa bodi a lokacin ba abin da zai faru, amma in kana kan mai alamar tarawa ta taɓa bodi, sai tartsatsi. Ka jira 'yan mintuna kafin ka sa hannu, saboda na'urar jakar iska tana riƙe ragowar wuta na ɗan lokaci.

Ka ɓalle firam ɗin rigar sandar da abu mai faɗi na roba. Sukundireba yakan bar tabo a jikin dashbod, mai mota kuma da tabon zai fara yin ido huɗu. In kan mai zare ne, ka murɗa hagu. In na cizgewa ne, ka kama da hannu biyu ka ja sama kai tsaye, fuskarka a gefe, domin yakan saki farat ɗaya ya daki haɓa ko madubi. Tsohon kan na mai mota ne, ka ajiye masa.

Sabon kan yakan zo da 'yan bututun roba masu kauri daban-daban da ƙananan kusoshi uku marasa kai, waɗanda ake ɗaurewa da alanki. Ka zaɓi bututun da ya kama sandar tsam ba tare da girgiɗi ba. Ka zura wayar ta cikin wuyan rigar tun kafin ka ɗora kan, ka daidaita lambobin su fuskanci direba, sannan ka ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, kana zagayawa daga wannan zuwa wancan, don kan ya zauna a tsakiya. Ka leƙa ka tabbata babu kusar da ta danne waya. In kan ya zama mai juyawa a hannu, kowane juyi murɗa wayar yake yi har ta tsinke a ciki.

Yanzu sai hanyar waya, inda mafi yawan irin wannan aiki ke lalacewa bayan wata biyu ko uku. Ka kama sandar ka motsa ta kana kallo. Samanta yana tafiya kusan taƙi guda tsakanin lamba ɗaya da biyu, gindinta kuwa ɗan kaɗan yake motsawa. Saboda haka wayar ta bi jikin sandar ta sauka har ƙasa, a ɗaure ta a wuri biyu da maɗaurin roba, sai a can gindi ta rabu da sandar, a bar mata lanƙwasa sakwa-sakwa kafin ta nufi dashbod. In ka ja ta kai tsaye daga sama zuwa laita, duk canjin lamba sai ta miƙe ta lanƙwashe a wuri ɗaya. Ka taɓa buɗe irin wannan aiki za ka ga robar ta yi fari a wurin lanƙwasar, ta tsage, siraran silin jan ƙarfe sun leƙo suna gogar ƙarfen sandar. Ka yi amfani da waya mai sili da yawa, mai laushi, kauri 0.5 mm² ya isa. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya ba ta jure motsi. Ka nisanta ta da bakin ƙarfe mai kaifi, da birkin hannu, da sandunan da ke kai motsi ga giyabos.

A wayar wuta, daf da inda ka ɗebo ta, ka sa ɗan gidan fiyus da fiyus mai amfiya 1 ko 2. Za ka ji wani ya ce ai layin yana da fiyus ɗinsa tun daga kamfani. Gaskiya ne, amma wancan mai amfiya 10 ne ko makamancin haka, an auna shi da kaurin wayar motar, ba da siririyar wayar kan giya ba. Siririyar za ta iya yin zafi ta narke kafin babban fiyus ya yanke. In kuma ya yanke, a motoci da yawa fitilun dashbod da jajayen fitilun baya layi ɗaya suke sha. Ke nan wayar ƙawa ta goge a gindin giya, mota ta koma ba fitilar baya a kan titin dare, tirela na biye da ita. Ƙaramin fiyus ɗinka shi zai mutu shi kaɗai ya bar sauran suna ci. Ana gane fiyus mai ƙafa biyu da launi: mai 10 ja, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya, mai 30 kore. Ɗabi'ar naɗa silin waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus da ya ƙone ita ce ke ƙona motoci. Kada ka koye ta, ko da a gareji ka ga ana yi.

Wajen haɗi, ka feƙe robar wayar motar kamar santimita ɗaya ba tare da ka yanke silinta ba, ka naɗa taka a kai, ka ɗiga dalma har ta shige tsakanin silin. Sai ka rufe da tef mai kyau, ka ɗaure bakinsa da maɗaurin roba, domin zafin cikin mota yakan narkar da gam ɗin tef ya warware. Murɗa waya biyu a naɗe da leda ba haɗi ba ne.

Gwaji

Kada ka mayar da robobi tukuna. Ka mayar da kan batir, ka kunna fakin layit. In fitilar ba ta kama ba, kafin ka zargi kaya ka juya wayoyin biyu, domin LED ta gefe ɗaya kawai yake barin wuta ta wuce. In ta kama, ka taka kuloci ka bi lambobin duka har ribas, idonka a kan lanƙwasar wayar. Kada ta miƙe a kowace lamba, kada ta maƙale. In hasken yana ƙyaftawa lokacin canji, akwai haɗin da bai kama ba. Ka kashe fitila ka cire mukulli, ka rufe kan da tafin hannu ka leƙa, ka tabbata ya mutu.

Gwajin ƙarshe sai duhu ya yi, ko a cikin rumfa mai duhu. Ka zauna a kujerar direba ka dubi gilashin gaba. Idon mutum yana ɗaukar mintuna da dama kafin ya saba da duhu, haske mai ƙarfi a cikin mota kuwa yana rage masa ganin mai keke ko dabba a gefen titi. Shuɗi da fari sun fi ja da ruwan lemo damun ido. In hasken ya fi na dashbod ƙarfi, ko yana faɗawa a gilashi, ka ƙara rezista mai om 1,000 a wayar wuta ka sake dubawa. Mai mota zai iya cewa shi ya fi son mai walwali. Ka ce masa, "Alhaji, zauna ka dubi gilashin da kanka," sannan ka nuna masa inda ka sa ƙaramin fiyus ɗin da girmansa, don ran da wani mai gyara zai taɓa motar.

Tambayoyi da aikin aji

1. An kawo maka jan ƙwan LED mai buƙatar bolt 2 da amfiya 0.02. Rezista mai om nawa za ka sa masa a motar da ke caji a 14.4?
2. Wani direba ya ce tun da aka sa masa kan giya mai fitila, batirinsa ke mutuwa in motar ta kwana biyu a ajiye. Wace waya kake zaton aka haɗa, kuma yaya za ka tabbatar da mita?
3. Me ya sa ake barin lanƙwasar waya a gindin sanda maimakon samanta?
4. Ku kasu uku-uku. Kowace ƙungiya ta sami mota ɗaya a gareji, ta zana tsarin lambobinta, ta rubuta yadda kan giyarta ke riƙe da sanda, sannan ta gano wayar hasken dashbod da mita ba tare da ta yanke komai ba. A kawo zanen a darasi na gaba.